Taku Uku Daga Fiffiken Yaya Manop

Shekara goma sha tara ke nan ina gyaran jiragen ƙungiyarmu a ɗan filin jirgin da ke bayan garin Lampang, tsakanin gonakin rake da kurmin gora. Sunana Pramuan. Jiragen uku ne, samfurin T-28, tsofaffin jiragen yaƙi masu farfela waɗanda sojan sama suka gaji da su suka jingine, mu kuma muka kwaso muka mayar musu da rai. In aka tayar da su da safe sai sun yi tari, sun tofar da baƙin hayaƙi kamar tsohon mashayin taba, sannan injin ya kama. Sunan tawagar Ɓauna Uku. Yaya Manop ne ya raɗa shi, wai sai daƙiƙi irin ɓauna ne zai hau tsohon ƙarfe ya yi ta alkafura da shi a gaban jama'a.

Labarin Banjong zan ba ku, amma ba ya bayuwa sai da Yaya Manop a ciki.

In sun tashi, Yaya Manop ne a gaba. Banjong yana hagunsa, Ratri likitar haƙori tana dama. Tsakanin fiffike da fiffike taku uku ne. Na gaba shi kaɗai ke kallon ƙasa, shi ke duba agogon da ke nuna nisan jirgi daga ƙasa, shi kaɗai kuma ke magana a rediyo. Na gefe ba ya kallon komai sai wuri guda a jikin jirgin jagora. In jagora ya yi sama ya bi shi, in ya kifa ya kifa, in ya nufi ƙasa haka zai bi shi bai ko sani ba. Wurin da Banjong ke kafe wa ido wani layin ƙusoshi ne a gindin fiffiken Yaya Manop. Ya taɓa ce mini guda goma sha ɗaya ne, ta bakwai ta ɗan karkace. Na je na duba, haka ne.

Banjong ɗan manomin shinkafa ne daga wani ƙauye a Phrae. Ya shiga sojan sama ne don ya koyi gyaran inji, ba don ya tashi ba. Yaya Manop, wanda a lokacin yake koyar da tuƙi, shi ya gan shi yana wanke farfela ya ce hannun nan ya fi ƙarfin tsumma. Ya tura shi makaranta. Sau biyu Banjong yana faɗuwa jarrabawa, sau biyu Yaya Manop yana zuwa gaban manya yana roƙo. Daga baya ya kai shi gidansu cin abinci, can ya ga Lamyai, ƙanwar Yaya Manop, aka yi aure. Aiki, mata, gidan da suka fara zama, duk ta hannun mutum guda suka zo masa.

Da Banjong ya yi ritaya ya sayi ɗan fili ya dasa mangwaro. Ya ce ya gama da sama. Bai yi wata biyu ba Yaya Manop ya tsayar da mota a bakin gonar, ko fitowa bai yi ba, ya miƙo masa hular tawaga ta taga.

“Ƙane, ranar Asabar ƙarfe bakwai.”

Banjong ya haɗa tafin hannu ya sunkuyar da kai. “To, Yaya.”

Abin da ni kaɗai na sani shi ne, bai taɓa hawa jirgin nan ba sai ya zagaya bayan rumfar jirage, wajen gangunan mai, ya yi amai. Ya kuskure baki da shayi mai sanyi, ya dawo yana murmushi. Amma in ya hau, ba a taɓa yin na gefe kamarsa ba. Kamar an ɗaure jirginsa da na jagora da sanda.

A shekara ta goma sha huɗu da kafa tawagar, wata Asabar bayan sun sauko daga gwaji, ina goge jirgin Banjong sai na ga kore a bakin fiffikensa na hagu. Na shafa na sansana. Ganyen gora ne. Gorar da ke ƙarshen filinmu doguwa ce, amma ba ta kai rabin tsayin da ya kamata su fito daga alkafura ba.

Na kira shi na nuna masa. Ya daɗe yana kallo.

“Goge,” ya ce.

“Banjong, wannan gora ce fa.”

“Na sani. Na ji ta.”

“Tun yaushe?”

Ya zauna a kan taya. Ya ce tun bara yake lura. Da, in sun zo ƙasan alkafura, abin da yake hanga ta wutsiyar ido a bayan jirgin Yaya sararin sama ne da duwatsu. Yanzu itatuwa yake gani. Kowane wata suna ƙara matsowa.

“Agogonsa ne ya lalace?” ya tambaye ni, yana kallona kamar mai roƙo.

Na cire agogon na gwada shi sau uku. Lafiyarsa ƙalau.

Daga nan muka fara lura da abin da da ba ma gani. In ka zo wa Yaya Manop ta gefe sai ka yi magana zai san kana nan. Yana juya kai gaba ɗaya kamar mujiya kafin ya tsallaka rumfa. Ya daina tuƙa mota cikin gari, wai masu babur sun ishe shi. Hawan jinin ido ne, irin wanda ke cinye gani daga gefe ya bar wa mutum ɗan rami a tsakiya. Takardar lafiyarsa kuwa tana fita duk shekara, don likitan da ke duba matuƙan ƙungiya abokinsa ne tun suna soja, allon haruffan da ke bangon ofishinsa kuma Yaya ya haddace shi tun kafin a haifi Ratri.

Lamyai takan kawo mana taliya da romon kaza duk Asabar. Ranar ina ƙarƙashin jirgi ina sauya mai, ba su san ina nan ba, na ji Banjong yana mata magana ƙasa-ƙasa.

“Yayanki ba ya gani.”

“Kai ne za ka gaya mini? Ni ke goge shayin da yake zubarwa a tebur.”

“Ashe kin sani.”

“Na sani. In ka raba shi da jirgin nan ka kashe shi. Tun da matarsa ta rasu me ya rage masa? 'Ya'yan suna Bangkok, sai sun ga dama suke kira.”

“In kuma ban raba shi ba fa?”

Ta juya ludayi a tukunya. “Kai ai kana kusa da shi,” ta ce. “Ka kula da shi.”

“Lamyai, ni ba na ganin komai a can sai ƙusa.”

“Ci taliyarka kafin ta huce.”

Ya gwada zamewa. Ya je ya sami Yaya Manop yana shan kofi, ya ce bayansa na ciwo, likita ya ce ya huta.

“Baya? Tsufa ya zo ke nan, ɗan ƙauye,” in ji Yaya yana dariya. “Huta abinka. Zan matso da Ratri hagu, in sa yaron nan ɗan shugaban ƙungiya a dama. Ya daɗe yana naci.”

Yaron nan bai fi shekara biyu da fara tuƙi ba. Ratri kuma ba ta san komai ba, 'ya'yanta biyu suna firamare. Banjong kuwa ya riga ya koyi ɗan ɗaga jirginsa sama da na jagora a ƙasan alkafura, don shi ne ke ɓangaren gora. Wani ba zai san ya yi haka ba.

“Ai ma ya fara sauƙi, Yaya,” ya ce. “Zan shafa magani.”

Sai ya dawo kaina. Ya ce in ce injin Yaya ya samu matsala, ko ma samu wata uku. Na yarda. Na gaya wa Yaya Manop na ga garin ƙarfe a matatar mai, dole a sauke injin. Ya ce in kawo matatar. Bai ko kalle ta ba, ya zura yatsa ya murza man tsakanin yatsunsa, ya kai hanci.

“Pramuan, yaushe ka fara ƙarya?”

Na rasa inda zan sa fuskata.

“Mayar da ita. Kuma ka gaya wa wanda ya aiko ka, in yana da magana ya zo da kansa.”

Na gaya wa Banjong. Bai je ba. Sau uku na gan shi ya nufi teburin Yaya, ya tsaya, ya tambaye shi ko yana son ƙarin kofi.

Akwai ofishin da za a iya kai ƙara, kowa ya san shi. Takarda guda ta isa. Na ce masa in ba zai iya ba ni zan rubuta. Ya kama hannuna ya matse har ya yi mini zafi.

“In ka rubuta, ni na rubuta. Haka zai ɗauka, haka Lamyai za ta ɗauka. Mutumin da ya tsamo ni daga taɓo? In shiga gidana da wace fuska?”

Ban rubuta ba. Wannan laifina ne, ban kuma ɗora wa kowa ba.

A watan Janairu aka gayyace mu babban wasan jirage na shekara a wani sansanin soja da ke kudu da mu. Mutane sun cika fili maƙil, masu gasa kaza da masu dakan gwanda da barkono sun jera laimominsu har bakin igiyar da ta tsare 'yan kallo. Ƙarfe uku na rana aka ba mu, rana ta karkata tana dukan ido. Ina tsaye gefen titin jirgi da rediyo a hannu. Sun wuce a jere suna fitar da farin hayaƙi, sun mirgina tare, komai daidai. Na ji muryar Yaya a natse yana cewa, “Alkafura, mu ja, yanzu.” Suka hau, suka kife a can sama kamar ƙuda uku, suka juyo da hanci ƙasa.

Na ga alkafurarsu ta fi sau dubu. Na san inda hanci ke fara ɗagowa. Suka zo wurin, bai ɗago ba.

Sai rediyo ta fashe da muryar da ban taɓa ji a cikinta ba.

“Yaya, ja! Ja! Ja!”

Suka ja. Ƙarar injin uku ta daki ƙirjina. Sun fito ƙasa-ƙasa har ciyawa ta kwanta, iskarsu ta tumɓuke laimomi biyu ta watsar da kujerun roba. Jama'a suka ɓarke da tafi da ihu, sun ɗauka cikin wasan ne. Mai sanarwa yana ta kururuwa a lasifika wai a ƙara wa Ɓauna Uku tafi.

Daga baya na tambayi Banjong yadda aka yi ya sani. Ya ce ya ɗauke ido daga ƙusoshin. Karo na farko a rayuwarsa. Ya ce abin da ya gani wata mata ce riƙe da kwanon shinkafa, har launin rigarta ya gani.

Da suka sauka Ratri ta fi minti biyar ba ta fito ba. Da ta fito ta wuce mu duka, ta je ta tsaya a gefen Yaya Manop, daidai kafaɗarsa, ta ɗaga yatsu uku.

“Kawu, kada ka juyo. Yatsu nawa?”

Ya tsaya yana kallon gabansa. Muna jin mai sanarwa yana kiran tawaga ta gaba.

“Yatsu nawa, Kawu?”

Ta juyo kan Banjong, idonta jawur. “Kai ka sani?” Ya sunkuyar da kai. Ta kalle ni, ni ma na sunkuyar. Ta cire hular tawaga ta ajiye a kan fiffike a hankali.

“'Ya'yana suna cikin mutanen can,” ta ce. “Ku ukun nan ba ku da kunya.”

Ta tafi. Ba ta kai ƙara ba, don Yaya Manop ne ya koya mata tuƙi ita ma, amma ba ta sake taka filinmu ba sai bayan shekara biyu.

Yaya ya zauna a inuwar fiffike ya sha ruwa. Can ya ce, “Ƙane.”

“Na'am, Yaya.”

“Wa ya ba ka izinin magana a rediyo?”

“Ka yi haƙuri, Yaya.”

“Daga yau kai ne a gaba.”

Na ga kafaɗun Banjong sun sauka, kamar wanda aka sauke wa buhu. Har ya fara haɗa hannu zai yi godiya.

“Ni zan koma hagu,” in ji Yaya. “Na gefe wuri guda yake kallo. Wuri guda kuwa ina ganinsa tar, na fi ka ma.”

“Yaya…”

“In ba ka so, ba komai. Jirgina ne, takardata tana aiki. Sai in riƙa tashi ni kaɗai.”

Haka Ɓauna Uku ta zama jirgi biyu, aka bar sunan yadda yake. Banjong, wanda bai taɓa son gaba ba ko a layin karɓar abinci, ya zama jagora, da mutumin da ba ya ganin gefe taku uku daga fiffikensa. Yaya ya sa na shafa jan fenti, faɗin tafin hannu, a jikin jirgin Banjong, nan yake kafe ido. Gaskiya kuma ya iya. Amma in ya kuskura ya rasa jan fentin nan na daƙiƙa biyu, ba zai sake samun jirgin ba, ba zai kuma san ta ina yake ba. Don haka Banjong bai isa ya yi motsi ba zato ba. Ko tsuntsu ya gani gabansa sai dai ya daure. Ya riƙa magana a rediyo tun daga tashi har sauka, yana faɗin kowane juyi kafin ya yi, yana ƙirga nisan ƙasa da ƙarfi. Tare suke sauka, fiffike da fiffike, don kada Yaya ya nemi titi da kansa. Jama'a suna son wannan saukar ƙwarai.

Ya ɗaga wasan sama, ya cire mirgina biyu. Yaya ya yi ta tsiya.

“Yau ma wasiƙa muka kai? Ko kakata ta fi haka wasa da keke.”

“Iska ce, Yaya.”

“Iskar gidanku. Matsoraci.”

Banjong sai ya yi dariya. A cikin shekara biyun nan gashinsa ya yi fari fat, wandonsa ya yi masa yawa har Lamyai ta ƙara wa bel ɗinsa huda. Ya daina cin abinci tun daga ranar Alhamis in akwai wasa. Wata rana muna wanke kayan aiki ya ce mini, “Ka san abin da nake tunani in muna sama? In na yi atishawa mun mutu.” Ya faɗa yana dariya, ni ban yi ba.

Abin da ya kawo ƙarshensa ba daga wajenmu ya fito ba. Tsohon likitan nan ya yi ritaya ya koma wajen 'yarsa. Wadda ta gaje shi ba ta san Yaya Manop ba, ba ta san ko shi wane ne ba. Ta sa shi ya leƙa cikin wata na'ura ya riƙa danna maɓalli in ya ga haske. Minti goma aka yi. Ta ce ko mota kada ya sake tuƙawa.

Banjong ne ya kai shi, shi ya dawo da shi. Ya ce da suka iso ƙofar gida, abin da Yaya ya ce kawai shi ne a saya masa ayaba. Washegari Banjong ya zo rumfa ya cinye kwano biyu na taliya, ya kwanta a kan benci ya yi barci har la'asar, baki buɗe. Da ya tashi ya ce mini wata mai zuwa zai miƙa hularsa. Ya ce yana so ya ga yadda Asabar take a gida.

Bayan mako biyu Yaya Manop ya gayyaci sufaye tara daga haikalin unguwarsu. Aka shimfiɗa tabarmi a rumfa, aka rataya wa jirage furanni a farfela, aka zagaye su da farin zare. 'Yan ƙungiya duk sun zo, har Ratri, don ta ji labari. Mun ɗauka bankwana ne. Bayan sufaye sun gama addu'a sun ci abinci, Yaya ya miƙe, Lamyai na riƙe da gwiwar hannunsa. Ya kira Banjong. Banjong ya matso a kan gwiwoyinsa. Yaya ya lalubo hannunsa ya ɗaura masa farin zare a wuyan hannu, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Na ba shi jirgina, na ba shi tawaga. Ban haifi ɗan da ya kai shi ba. Ni dai abu guda nake roƙo, a ajiye mini kujera a bakin rumfa. Muddin ina jin ƙarar injin nan duk Asabar, to ina da sauran zama a duniya.”

Mutane suka yi ta share hawaye. Lamyai tana kuka tana murmushi. Ratri ta ce in dai Kawu yana ƙasa, ita ta dawo. Banjong yana durƙushe, ya kai goshinsa ƙasa a gaban ƙafafun Yaya, ya daɗe bai ɗago ba. Kowa ya ce daɗi ne ya yi masa yawa.

Shekara uku ke nan. Banjong yana da sittin da uku yanzu, shi ne jagoran Ɓauna Uku, an samu wani tsohon matuƙin jirgin fasinja ya cike hagu. Duk Asabar shi ke biyawa ya ɗauko Yaya da ƙarfe shida da rabi, ya zaunar da shi a kujerarsa, ya sa masa kofi a inda hannunsa zai kai. Yaya ba ya ganin komai yanzu sai haske da duhu, amma kunnensa yana nan. In sun sauko zai ce, “Na hagu ya makara a juyi na biyu,” ko kuma, “Ƙane, ka rage wuta da wuri, tsoron me kake?” Kuma yawanci gaskiyarsa ne.

Makon jiya Banjong ya je gwajin lafiyarsa na shekara wajen likitar nan. Da ya dawo na same shi zaune a kan taya yana riƙe da takardar.

“Me likitar ta ce?” na ce.

“Ta ce zuciyata kamar ta ɗan shekara arba'in. Ido kuma wai ko tabarau ban buƙata.” Ya ninke takardar ya sa a aljihu. “Ta ce in na kula da kaina zan iya shekara goma nan gaba.”

Na ce masa barka. Ya gyaɗa kai. Daga bakin rumfa Yaya ya ƙwala kira, wai rana tana yi, me ake jira. Banjong ya miƙe ya karkaɗe wandonsa, ya ce in duba masa tayar gaba, jiya ya ga kamar iskarta ta ragu.